Man giyar Hilux mai gas: wanne zan zuba, kuma da me zan ga zafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Hilux ƙirar 2017, injin gas 2.8, giya otomatik. Ta yi kilomita 140,000, kuma tun da na saye ta hannu na biyu ban taɓa canja man giya ba. Aikinta ɗauko buhunan hatsi ne daga kasuwannin ƙauye na yankin Nguru da Machina zuwa Kano, wani lokaci kuma ina ɗora mata tankin ruwa. A watan Afrilu gargaɗin zafin man giya ya fito min sau biyu a cikin rairayi. Wani makaniki ya ce in zuba Dexron III don ya fi kauri, ya fi jure zafin ƙasarmu. Wani kuma ya ce kar in kuskura in taɓa man, in na canja giyar za ta mutu. Wanne zan bi? Kuma da me zan riƙa ganin zafin tun kafin fitila ta kama?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare hanya. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Giyar da ke cikin motarka mai gudu shida ce, kamfanin Aisin ya ƙera wa Toyota, sunanta AC60, kuma man da aka yi ta da shi sunansa ATF WS. Shi za ka zuba, kuma lokacin canji ya yi har ya wuce. Amma tun yanzu ka cire wa ranka cewa akwai wani mai da zai hana ta ɗaukar zafi a rairayin Machina. Mai ba ya haifar da wannan zafin, ba ya kuma maganinsa. Daga wani wuri dabam yake fitowa, zan kai ka wurin.

Mu fara da man. A giya manuwal aikin mai kusan ɗaya ne, ya shafe haƙoran giya kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A otomatik aikinsa ya kai huɗu. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin konbata, wato tukunyar mai da ke haɗa inji da giya. Shi ne ke matse kulocin kowace giya in lokacin shigarta ya yi, kamar yadda man birki ke matse birki. Shi ke shafe ƙarafa, shi kuma ke kwaso zafi ya kai waje. Na biyun nan shi ne ya sa ba a yi masa kuɗin goro. A cikin giyar akwai faifan kuloci sirara, waɗanda muke ce wa faiba a gareji, kuma a cikin mai suke jiƙe kullum. An auna santsin man da kayan da aka yi faiban da shi, aka kuma rubuta wa kwamfutar giya tsawon lokacin da kowane kuloci zai ɗauka kafin ya kama. In ka zuba man da santsinsa ya bambanta, ko dai kulocin ya cafke da ƙarfi ka ji mota ta yi tsalle, ko ya yi ta sulɓewa yana goge kansa, ko kuma ka ji wata 'yar karkarwa a gudu sittin zuwa tamanin kamar ka hau hanya mai gargada alhali kwalta sumul take.

Jan launin da kake gani rini ne kawai. An sa shi don a bambanta man giya da baƙin mai in an ga ɗigo a ƙasa. Duk wanda ya ce maka "ai duk ja ne, duk ɗaya ne", ka ɗauke motarka daga gabansa da sallama.

Ko a cikin Hilux ɗin ma ba mai ɗaya suke sha ba. Waɗanda suka gabaci taka, masu giya huɗu ta gidan A340, da yawansu T-IV suke sha, tsofaffin cikinsu kuma Dexron II ko III, kuma galibi an rubuta sunan man a jikin sandar awo ko a kan notin tsiyaya. Masu giya biyar, A750, da masu shida irin taka, WS ne. A jikin kwalaben wasu kamfanoni za ka ga lambar JWS 3309, wannan shi ne T-IV, JWS 3324 kuma shi ne WS. Ford Ranger mai giya shida Mercon LV take so. Nissan Navara Matic J ko Matic S, gwargwadon shekararta. Manyan motocin gas na Amurka ma kowa da kiwon da ya karɓe shi: Ram mai giyar 68RFE tana shan ATF+4, Silverado mai giyar Allison gudu shida kuma Dexron VI ko man da Allison ya amince da shi mai lamba TES 295.

Shi kuma Dexron III da aka ba ka shawara, ga labarinsa. Sunan mallakar kamfanin General Motors ne, kuma tun ƙarshen shekarar 2006 kamfanin ya daina bayar da lasisinsa, ya koma Dexron VI. Ma'ana yau babu wanda ke duba abin da ake ɗurawa a kwalba a rubuta mata Dexron III. Akwai manyan kamfanoni da ke yin mai kyau da wannan suna don tsofaffin motoci, akwai kuma wanda zai rina kowane siririn mai ya liƙa takarda.

Ban ce makanikin farko ba shi da hujja ko kaɗan ba. Gaskiya ne WS siriri ne. A zafin digiri 100, ma'aunin kaurinsa bai wuce biyar da rabi ba, T-IV da Dexron III kuwa sun haura bakwai. Hankali zai ba mutum cewa mai kauri ya fi dacewa da ƙasar zafi. Sai dai tsohon Dexron III kaurin nasa na aro ne, wani sinadari aka zuba masa ya kumbura shi, kuma in haƙoran giya da famfo suka yi ta nuƙa shi na 'yan dubban kilomita, sinadarin yankewa yake yi, man ya sirance. WS an yi shi siriri tun asali, amma ba ya saurin sauka daga inda yake. Sannan ramukan da mai ke bi a cikin balb-bodin giyarka, wato sashen da ke rarraba mai zuwa kowane kuloci, da sulinoyid ɗin da ke buɗewa da rufewa, don siririn mai aka auna su. Mai kauri yana ƙara nauyin juyi, nauyin juyi kuma zafi ne. Sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

In ba ka samu na Toyota ba, Aisin da ya ƙera giyar yana sayar da nasa WS, Idemitsu ma yana da wanda ya kira TLS-LV. Akwai kuma masu rubuta cewa man nasu ya dace da motoci iri-iri, a jera sunaye ashirin a bayan kwalba. Wasu daga manyan kamfanoni ba su da laifi, amma ni a motar da ke ɗaukar lodi a rairayi ba na son "ya dace da", na fi son "shi ne". Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wannan ba ne, jabu ne. Gwangwanin Toyota na daga cikin abin da aka fi kwaikwaya a ko'ina. Ka saya wurin dilan da in matsala ta taso za ka iya komawa ka same shi, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka, kuma in an gama ka huda gwangwanin da kanka kafin ka bar shi. Yaran da ke bi gareji-gareji suna sayen gwangwani fanko mai kyan gani ba shayi za su dafa a ciki ba. In farashi ya faɗo rabin na kowa, ka san araha ba ta ado.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin inji da giyarka babu kuloci irin na manuwal, konbata ce. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya, za ka ga iskarta tana juya ɗayar. Haka konbata take, sai dai maimakon iska mai ne, kuma a rufe suke cikin tukunya ɗaya. Fankar gaba tana manne da inji, ta baya tana manne da giya. Muddin ta gaba ta fi ta baya gudu, wannan bambancin ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama a cikin mai. Injinka kuwa ba wasa ba ne, 2.8 na wannan shekarar mai otomatik yana bayar da ƙarfin murɗa har 450 a ma'aunin Nm, kuma tun yana ƙasa-ƙasa da juyi yake bayarwa, halin injin gas ke nan. Ka ɗora buhu goma sha biyar, taya ta nutse a yashi, ka taka totur inji yana juyi dubu biyu da ɗari biyar mota kuwa tana rarrafe kamar kunkuru. A wannan halin babban kaso na ƙarfin injin dafa man giya kawai yake yi. Minti biyar sun isa su ɗaga zafin da ke fita daga konbata da digiri talatin ko arba'in.

A cikin konbatar akwai wani kuloci na kulle. In mota ta miƙe a kan hanya, kwamfuta sai ta matse shi, fankokin biyu su zama abu ɗaya, sulɓi ya tsaya, zafi ya fara sauka nan take. Shi ya sa za ka taso daga Kano ka bi ta Gumel da Hadeja da rana tsaka a gudu ɗari giya tana sanyi ƙalau, amma kilomita uku na rairayi a gudu goma sha biyar su kunna maka fitila. Ba gudu ne ke kashe giya otomatik ba, wahala a ƙaramin gudu ce.

Saboda haka maganin farko a hannunka yake, kuma kyauta ne. Kafin ka shiga yashi mai zurfi da lodi, tsaya, sa giya a N, ka shigar da L4, wato ƙaramar giyar ogzileri. Direbobi da yawa suna ganin L4 sai an kafe ake nemanta. A'a. Tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya fiye da sau biyu, sai konbata ta huta, sulɓinta ya ragu sosai. Ka rage iskar taya zuwa geji 20 ko kusa da haka in lodin ya ba da dama, tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta riƙa haƙa, ka kuma mayar da iskar da zarar ka hau kwalta. In ka kafe, kada ka yi ta jefa giya gaba da baya kana taka totur. Sauka ka haƙa, a sa itace ko tabarma, ya fi sauƙi a kan kuɗin faiba.

A kan kwalta da kaya kuma, ka tura sandar giya gefen S ka tsayar da ita a 4. A giyarka, ta huɗu ce miƙaƙƙiya, juyi ɗaya na shiga juyi ɗaya na fita. Ta biyar da ta shida na rage shan mai ne in mota ba kaya. Da lodi ko a hawa, in ka bar ta a D sai ta yi ta kai-komo, ta hau shida ta kasa, ta sauko biyar, ta saki kulle, ta sake kamawa. Kowane canji da zafinsa. Wanda ya taɓa hawan Kibo da kaya zuwa Jos, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, ya san wannan kai-komon. Za ka ɗan ƙara shan gas a S4, ban musa ba.

Maganar lodi kuma, Alhaji, ka yi haƙuri in faɗa. Abin da aka ƙera Hilux ta ɗauka kusan tan ɗaya ne, har da kai da yaran mota. Tankin ruwa mai lita 1,000 shi kaɗai tan ɗaya ne tun ba a lissafa ƙarfen da ya riƙe shi ba. Buhu goma sha biyar masu kilo ɗari-ɗari tan ɗaya da rabi ne. Na san ba za ka daina ba, ba wanda ke dainawa, amma ka san bashi kake ci a wurin giyar.

Sai maganar gani. Allurar zafi da ke dashbod ɗinka ta ruwan inji ce, ba ruwanta da giya. Fitilar gargaɗin kuwa a giyoyin Toyota irin waɗannan sai zafin ya kai wajen digiri 150 take kamawa. Wato ba gargaɗi take yi ba, sanarwa take yi cewa an riga an yi ɓarna. Abin daɗin shi ne motarka ta san zafin giyarta a kowane daƙiƙa, faɗa maka ne kawai ba ta yi. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai baki goma sha shida, inda masu kwamfuta ke jona na'urarsu. Ka sayi 'yar na'urar OBD2 mai bulutut, ba ta kai kwalin ashana biyu girma ba, ka jona, ka saukar da manhaja irin su Car Scanner ko Torque Pro ko OBD Fusion a waya, ka zaɓi bayanan Toyota a ciki, domin zafin giya ba ya cikin jerin gama-gari da kowace mota ke bayarwa. In ba ka son wahalar waya, akwai ScanGauge, ƙaramin allo ne da ake mannawa a dashbod ya zauna dindindin. Ka guji mafi arha a cikin na'urorin nan, da yawansu ba sa karanta komai sai juyin inji. Kuma ka riƙa cire ta in mota za ta kwana biyu a ajiye, tana tsotsar batir a hankali.

Za ka ga lamba biyu, kada su ruɗa ka. Giyar tana da sansa biyu, wato ƙananan na'urorin auna zafi. Ta ɗaya tana auna man da ke kaskon ƙasa, ita ce ke gaya maka halin da giyar gaba ɗaya ke ciki, kuma a hankali take hawa da sauka. Ta biyu tana auna man da ya fito daga konbata kafin ya je a sanyaya shi. Wannan mai saurin fushi ce. In lambobin biyu sun yi kusa da juna, kulle ya kama. In ta biyu ta tsere ta bar ta ɗaya da digiri ashirin, konbata na sulɓi, kuma a lokacin ne za ka sauke giya ko ka sassauta ƙafa. Mako guda kana kallon lambar nan ta biyu, sai ta koya maka tuƙin otomatik fiye da duk abin da zan rubuta.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi a kan lambar kasko. Tsakanin 70 da 90 lafiya lau. Zuwa 100 da kaya a watan Afrilu, ba abin tashin hankali ba ne. In ta haura 105 tana ci gaba da hawa, canja yadda kake tuƙi. In ta doshi 120, nemi inuwa. Lambar konbata kuwa tana iya leƙa 120 ko 130 na ɗan lokaci a hawa ko a yashi, in dai tana dawowa da zarar an miƙe, ba komai. Zama a can ne matsala. Dalili kuwa shi ne, a ƙiyasin da masu harkar mai ke amfani da shi, duk ƙarin digiri goma yana ninka saurin lalacewar mai. Man da zai yi shekara huɗu a 80 ba zai yi rabin haka a 100 ba. In ya ƙone sai ya bar wani dafi kamar shanyayyen ƙaro a jikin balb, robobin da ke riƙe matsi su bushe su taurare, matsi ya zube, faiba ta fara sulɓi, sulɓin ya ƙara zafi. Haka abin ke cin kansa.

Wani abin lura in kana kallon bidiyon Amurkawa masu jan tirela da Ford ko Ram: da ma'aunin Faranhait suke magana. In ka ji sun ce 175, wajen 80 ke nan a namu. 200 shi ne 93, 220 shi ne 104, 250 kuma 121. Na taɓa ganin wanda ya kwantar da hankalinsa a 130 don ya ji Bature ya ce 200 ba komai.

In fitila ta sake kamawa, ka tsaya, ka sa P, amma kada ka kashe inji. Famfon man giya da inji yake juyawa. In ka kashe, man ya tsaya cik a inda yake mafi zafi. Bar shi yana aiki a silo, kashe AC, jira lambar ta sauko.

Mu koma kan makaniki na biyu. Maganarsa tana da asali. Akan kawo giyar da ta riga ta cinye faibarta, tana tafiya ne kawai don garin faiban da ke yawo cikin tsohon mai ya sa shi kaushi. In aka zuba sabo mai santsi, sai sulɓin da ke ɓoye ya fito fili, a ce sabon mai ya kashe ta. Ba shi ya kashe ta ba, gawa ya tarar. Don ka san inda taka take, a ɗiga man a kan farar takarda, ka fita da ita rana. Ja mai duhu ko ruwan ƙasa ba laifi, WS da ma yana saurin yin duhu. Ka shinshina. In wari ne irin na mai kawai, madalla. In ƙauri ne kamar tuwo ya kama a tukunya, an ƙona shi. In ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, ƙarfe ne ke ci. Tunda ba ka ce tana sulɓi ko tana jinkirin shiga giya ba, ina kyautata zaton taka tana da sauran rai sosai.

A kilomita 140,000 ba na son a jona mata injin da ke tura mai da ƙarfi, ba na kuma son a zuba wani sinadarin wanki. A sauke kasko, a wanke shi, a goge maganaɗisun da ke ciki. Baƙin laushi kamar toka a jikinsu al'ada ce, ɓarɓashi mai kaifi ne abin damuwa. A duba matatar, a sa sabon gasket. Sai dai ka sani, giyar tana ɗauke da mai kusan lita goma, amma abin da ke tsiyayowa ta ƙasa bai fi uku ba, sauran na cikin konbata da tiyo. Canji ɗaya kashi talatin cikin ɗari kawai ya sabunta. Ka yi tafiyar kilomita ɗari biyar ka sake, ya zama rabi. Ka yi na uku, ya zama kashi biyu bisa uku. Bayan nan, da irin aikin da motarka ke yi, ka riƙa tsiyayewa da cikawa duk kilomita 40,000, in kuma fitila ta kama a wata tafiya, kada ka jira lissafi. Maganar cewa man na har abada ne, ba da motar da ke jan hatsi a Yobe ake ba.

Wurin cikawar ne aka fi kashe giyoyin nan, don haka ka tsaya a kai da kanka. Taka ba ta da sandar awo. Noti uku gare ta: na zubawa a gefe, an buga WS a kansa, na tsiyaya a ƙasan kasko, sai wani ƙarami kusa da shi da ake kwancewa da alanki mai lamba 5, shi ne na awo. A fara kwance na zubawa tukun, kada a tsiyaye mai sannan a tarar ya ƙi kwancewa. A auna abin da ya fita a zuba daidai da shi da ɗan ƙari. Mota ta tsaya a daidai, ba gaba a sama ba. A tayar da inji, a bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙafa a kan birki, a dawo P. Inji yana aiki, zafin man kuma yana tsakanin digiri 35 da 45, sai a buɗe notin awo. In mai ya zubo, a bari har ya koma siririn zare, a rufe. In bai zubo ba, a ƙara.

Ka lura da wannan 35 zuwa 45 ɗin. A Japan sai an ɗumama mota kafin ta kai nan. A Kano a watan Afrilu, da azahar, motar da ba a ko tayar ba ta riga ta kai 40. Shi ya sa a bazara nake cewa a kawo min mota da yamma ta kwana, mu yi awo bayan sallar asuba. Wata rana aka kawo min wata irin taka, mai ita ya ce tun da aka yi mata sabis a wani gareji take yin jinkiri in ya sa D da safe, kuma in ya sha kwana da sauri sai inji ya yi ihu kamar an sa N. Na tambayi yadda aka yi, ya ce yana isowa daga tafiya aka ɗaga ta, yaro ya kwance ƙaramin notin awo alhali inji a kashe yake, mai ya yi ta zuba a roba, oga ya ce da ma an cika shi da yawa. Kuskure biyu a lokaci ɗaya. Mai mai zafi ya kumbura, sannan inji a kashe man da ya kamata ya kasance a sama ya gangaro kasko. Da asuba muka auna, sai da ta sha fiye da lita ɗaya kafin zaren ya fito. Ƙarancin mai yana sa famfo ya ja iska, yawansa kuma yana sa ƙarafa su kaɗa shi ya yi kumfa. Duka biyun zafi suke kawowa.

Saura lagireto. Ruwan inji ne ke karɓar zafin man giya, don haka in inji na fama da zafi giya ma tana fama. Motar da ke shiga gonaki da kasuwannin hatsi, za ka tarar tsakanin lagireto da na AC cike da ƙaiƙayi da ƙura kamar an yi daɓe. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. A duba kulocin fanka. A daina zuba ruwan rijiya tsura, a sa kulant, domin in tsatsa ta huda bangon da ke raba ruwa da man giya, sai ka ga man ya koma kamar madara da aka zuba wa zoɓo. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma wannan ba ya gyaruwa da canjin mai.

Ƙarin kula, wato ƙaramin lagireton mai da ake ɗaurawa a gaba, yana da amfani ga aiki irin naka, amma kada ka fara da shi. Ka yi canjin mai, ka wanke lagireto, ka sa na'urar gani, sannan ka yi tafiya biyu zuwa Machina da lodinka na kullum, kana amfani da L4 da S4 yadda na faɗa. Ka sa yaron mota ya rubuta lambar kasko a wuri uku: a kan kwalta, a ƙarshen rairayi, da kuma cikin cunkoson shiga Kano. In duk da haka tana zama sama da 100, a sa kula mai faranti-faranti, ba mai lanƙwasasshen bututu ɗaya ba. A jona ta bayan ta asali, mai ya fara bi ta ruwa sannan ya bi ta iska ya koma giya, a yi amfani da tiyon da aka yi don man giya ba na fetur ba, a kuma nisanta shi da duk wani ƙarfe mai kaifi. Kula da tiyonta za su shanye wajen rabin lita, don haka a sake awon nan na asuba bayan an ɗaura. Ka turo min lambobin uku in ka dawo, da adadin buhunan da ke kai.